FASHIN BAƘI: Me ya sa Amurka da Kanada ke koya wa matasa ɗana tarko da sunan kare namun daji?

A jihar Minnesota ta ƙasar Amurka, duk wanda aka haifa bayan 31 ga Disamba, 1989, ba zai samu lasisinsa na farko na ɗana wa namun daji tarko ba sai ya nuna takardar shaidar halartar horo. Jihar Wisconsin ta wajabta irin wannan horo a kan sababbin masu tarko tun 1992. A Pennsylvania, yaro ɗan shekara 11 na iya zama a ajin da ake haɗa darasin farauta da na tarko. A lardin Ontario na Kanada kuwa, kwas ɗin kan ci kimanin awa 40. Hukumomin gwamnati masu kula da namun daji ne ke tsara darussan tare da ƙungiyoyin masu sana'ar, kuma matasan da ba su kai shekara 18 ba na cikin waɗanda aka fi zawarci.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai ga kamar tufka da warwara ce: hukumar da aka damƙa wa amanar kare dabbobi ita ce kuma ke koya wa yara kama su da kashe su da feɗe su. Hukumomin na cewa tarko ɗaya ne daga cikin kayan aikin kiyaye namun daji. Ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi kuma na cewa kalmar kiyayewa riga ce da aka sanya wa tsohuwar sana'a mai azabtar da dabbobi. Taƙaddamar ta je akwatin zaɓe a jihohi da dama, ta shiga kotuna, ta kuma taɓa haddasa barazanar hana ciniki tsakanin Turai da Arewacin Amurka.

Tarihin nahiyar ya ba kowane ɓangare hujja. Tarko ya kusa shafe wasu dabbobi daga doron ƙasa, tarko kuma aka yi amfani da shi wajen maido da su. Abin da ya raba zamanin farko da na biyu shi ne ƙidayar dabbobin, da iyakar da aka gindaya wa mai kamu, da hukumar da ke iya hukunta wanda ya ƙetare iyakar.

Abin da ake koyarwa a ajin

Galibin darussan kan fara ne da sanin dabbobi kafin a taɓa ƙarfe. Ana gabatar wa ɗalibi waɗanda doka ta yarda a kama saboda gashin fatarsu. Akwai biba, wata dabbar ruwa mai kama da ƙaton gyazbi, mai faffaɗar wutsiya, wadda ke sare itatuwa da haƙoranta tana datse rafi. Akwai karen ruwa, da yanyawa, da rakun, da koyot wanda yake ɗan'uwan dila ne. Ɗalibi zai koyi bambance sawun kowace, da abincinta, da watan da take haihuwa.

Daga nan sai doka. Lokacin kamu a yawancin jihohi yana farawa ne daga ƙarshen kaka zuwa cikin hunturu, sa'ad da gashin fata ya yi kauri, 'ya'yan da aka haifa a bazara kuma suka isa ciyar da kansu. Ana koya wa yaro neman izinin mai gona kafin ya shiga, da maƙala wa kowane tarko ɗan ƙarfe mai ɗauke da sunansa ko lambarsa, da zagayawa ya duba tarkunansa cikin wa'adin da jiharsa ta ƙayyade.

Tarkunan kansu sun kasu huɗu. Na farko shi ne na ƙarfe mai riƙe ƙafa. A ƙirar zamani ana barin 'yar tazara tsakanin muƙamuƙansa ko a lulluɓe su da roba, a sa wa sarƙarsa mahaɗa mai juyawa domin kada dabba ta karya ƙafarta wajen fizga. Malamai kan cusa hannunsu a cikinsa a gaban ɗalibai don nuna cewa riƙewa yake yi. Na biyu shi ne mai maƙe wuya ko ƙirji, ƙirar wani mai tarko a Kanada, Frank Conibear, wanda ya shiga kasuwa a ƙarshen shekarun 1950, kuma an yi shi ne don ya kashe cikin gaggawa. Na uku zargen waya ne, wanda a jihohi irin su Wisconsin da Pennsylvania dole ya kasance da maƙalli mai sassautawa idan dabba ta daina ja, da mahaɗar da ke ɓallewa idan babbar dabba ta faɗa. Na huɗu keji ne.

Sauran darussan sun haɗa da sakin dabbar da ba ita aka nufa ba, da kashe wadda aka nufa ba tare da jan lokaci ba, da fiɗa da shanya fata, da kare kai daga cututtuka irin su ciwon haukan kare. Na ƙarshe shi ne bayar da rahoto. A jihohi da yawa, wanda ya kama karen ruwa ko muzurun daji sai ya kai fatar an sa mata hatimi, wani lokaci ya miƙa muƙamuƙi ko gawar gaba ɗaya. Masana kan yanka haƙorin su ƙirga zoben da ke cikinsa, kamar yadda ake sanin shekarun itace. Daga shekarun dabbobin da aka kama da yawan mata da maza ake gane ko jinsin na ƙaruwa ko yana raguwa, kuma da wannan ake yanke adadin da za a yarda a kama baɗi.

Yadda aka kusa ƙarar da biba

Waɗannan dokoki sun biyo bayan ɓarna ne. Tun daga ƙarni na 17 masu hali a Turai suka raja'a a kan hular da ake yi da gashin biba. A 1670 Sarki Charles na Biyu na Ingila ya ba Kamfanin Hudson's Bay ikon ciniki a wani makeken yanki na Kanada ta yau, kuma fatar biba ta zama ma'aunin farashi a shagunan kamfanin: da ita ake lissafin kuɗin bindiga da bargo da gatari. Masana sun ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa akwai biba tsakanin miliyan 60 zuwa miliyan 400 a nahiyar. Zuwa farkon ƙarni na 20, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan 100,000. Babu lokacin rufewa, babu adadi, kuma duk wanda ya bar biba a rafi ya san wani zai zo ya ɗauke ta gobe.

Gyaran ya zo a hankali. A 1900 majalisar Amurka ta zartar da Dokar Lacey, wadda ta haramta ƙetare iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Jihohi suka rufe kamun biba na tsawon shekaru. A tsakiyar shekarun 1920 lardin British Columbia ya fara yi wa kowane mai tarko rajistar yankinsa, wanda babu mai shiga sai shi. Hikimar a fili take: manomin da ya san gonar tasa ce ba ya cinye iri.

A arewacin lardin Quebec, farkon shekarun 1930, James Watt, wakilin kamfanin a Rupert House, da matarsa Maud, sun haɗa kai da 'yan ƙabilar Cree aka keɓe wani babban yanki aka hana kamu. Shugabannin farauta na Cree suka riƙa ƙirga gidajen biba kowace shekara, har yawanta ya kai a sake buɗe kamun bisa ƙayyadadden adadi. A 1948 hukumar namun daji ta jihar Idaho ta kama biba 76 da rai, ta sa su a akwatuna, ta sauke su da lema daga jirgin sama a wani dajin da mota ba ta shiga. Guda ɗaya kawai ta mutu. A yau ana ƙiyasta yawan biba a Arewacin Amurka da miliyan 10 zuwa 15.

Inda hujjar hukumomi ta yi ƙarfi

Misalan da ake ba ɗalibai a aji na gaskiya ne, kuma sun kasu gida uku.

Na farko shi ne mayar da dabba inda ta ɓace. Karen ruwa ya ƙare a koguna da yawa na Amurka saboda kamu da gurɓatar ruwa. Daga 1976 aka fara kamo shi da rai daga inda ya rage, musamman jihar Louisiana, ana kai shi inda babu. An sauya wa fiye da 4,000 mazauni a jihohi sama da 20, kuma yawancinsu da tarkon riƙe ƙafa aka kama su. Jihar Missouri kaɗai ta saki 845 tsakanin 1982 da 1992. Talotalon daji, wanda ya kusa ƙarewa a shekarun 1930, da raga aka riƙa kama shi ana rarrabawa, har ya kai miliyoyi. Kerkeci 31 da aka kai gandun dajin Yellowstone a 1995 da 1996 daga Kanada aka kamo su, da taimakon masu tarkon can waɗanda suka san inda garkunan ke zagayawa.

Na biyu shi ne kawar da baƙuwar dabba mai ɓarna. Nutriya, wani ƙaton ɓeran ruwa daga Kudancin Amurka, masu kiwo don fata ne suka shigo da ita. Da ta kuɓuce, sai ta kama cin saiwar ciyawar fadama har ƙasa ta zaizaye ta koma tafki. A gandun Blackwater na jihar Maryland ta lalata fiye da eka 5,000. Aikin kawar da ita ya fara a 2002, aka kama kusan 14,000, ta ƙarshe a watan Mayun 2015, aka kuma sanar da ƙarewarta a yankin a 2022. Louisiana, wadda matsalarta ta fi girma, tana biyan dala shida a kan kowace wutsiyar nutriya da mai lasisi ya kawo.

Na uku shi ne kare dabbar da ke dab da ƙarewa daga mai cin ta. 'Yan kasuwar fata sun zuba yanyawa a tsibiran Aleutian na Alaska, ita kuma ta cinye ƙwai da 'ya'yan wata dinya da ke sheƙa a ƙasa, har yawan tsuntsuwar ya faɗi ƙasa da 800 a tsakiyar shekarun 1970. Bayan an kwashe yanyawar daga tsibiri zuwa tsibiri, dinyar ta farfaɗo, aka cire ta daga jerin masu fuskantar barazana a 2001. A gaɓar tekun kudu maso gabashin Amurka ma, ana kama rakun don kada ya tone ƙwan kunkurun teku.

Abin lura shi ne, a labarin nutriya da na dinya, cinikin fata ne ya haddasa matsalar da tarko ya zo ya warware.

Inda hujjar ta yi rauni

Masu suka na nuna cewa kusan duk waɗannan nasarori ayyuka ne na musamman, da hukuma ta tsara, a wuri ƙayyadadde, da manufa ɗaya. Ba su ne ke tabbatar da cewa kamun fata na kowa da kowa, a kowace shekara, yana amfanar daji ba. Dokokin hani ma sun gane wannan bambanci: haramcin da jihohin Kalifoniya da New Mexico suka yi bai hana jami'an gwamnati da masu bincike amfani da tarko ba.

Koyot shi ne misalin da suka fi kafa hujja da shi. Ana kashe ɗaruruwan dubbansa kowace shekara da tarko da bindiga, fiye da ƙarni guda ke nan, amma daga filayen tsakiya da yammacin nahiyar ya bazu zuwa kowace jiha ban da Hawaii. Idan aka rage yawansa, abinci kan wadata ga waɗanda suka rage, su haifi 'ya'ya da yawa, baƙi kuma su cike gurbin. Haka nan batun ciwon haukan kare a tsakanin namun daji: maganin rigakafin da ake sakawa a cikin abinci ana warwatsawa a daji shi ne babban makamin da hukumomi suka dogara da shi a yau.

Sai batun kuskure. Tarko ba ya tambayar sunan wanda ya taka shi. A watan Nuwamban 2018 zargen waya ya shaƙe wata karya mai suna Roxy a gaban mai ita, a wani wurin shaƙatawa na New Mexico, kuma sunanta aka sa wa dokar da ta haramta tarko a filayen gwamnati a jihar, wadda aka sanya wa hannu a 2021. Links, wata kyanwar daji da aka sa a jerin masu fuskantar barazana tun 2000, ta sha faɗawa tarkunan da aka ɗana wa wasu dabbobi a Maine da Minnesota, har aka kai jihohin kotu. Wa'adin duba tarko ma ya bambanta ƙwarai: wasu jihohi kullum ne, Nevada kuwa awa 96, wato dabba na iya kwana huɗu da ƙarfe a ƙafa ba tare da an karya doka ba. Kerkecin da aka yi wahalar maidowa shi ma ya koma abin kamu. A hunturun 2021 zuwa 2022, bayan Montana da Idaho sun sassauta dokokinsu, an kashe kerkeci 25 na Yellowstone da suka fita wajen iyakar gandun.

Jihar Massachusetts ce kowane ɓangare ke ja zuwa gefensa. A 1996 masu zaɓe, da kashi 64 cikin 100, suka haramta tarkon riƙe ƙafa da mai maƙe jiki. A ƙiyasin hukumar namun dajin jihar, biba ta tashi daga kusan 24,000 zuwa kusan 70,000 cikin shekara biyar. Ruwan da ta datse ya mamaye hanyoyi da rijiyoyi, har majalisa ta yi wa dokar kwaskwarima a 2000, ta ba hukumomin lafiya na garuruwa ikon bayar da izinin gaggawa. Masu tarko na cewa aikin da suke yi kyauta ya koma wanda ake biyan 'yan kwangila. Masu adawa na cewa bututun da ake cusawa a madatsar biba don daidaita ruwa yana magance yawancin ƙorafe-ƙorafen, kuma fadamun da take ginawa suna riƙe ruwa lokacin fari, suna zama mafaka lokacin gobarar daji.

Ma'aunin wahalar dabba

Matsin lambar da ya fi canja sana'ar daga Turai ya zo. Ingila da Wales sun haramta tarkon ƙarfe mai riƙe ƙafa tun 1958. A 1991 Tarayyar Turai ta kafa dokar hana shi a ƙasashenta, tare da barazanar rufe kasuwarta ga fatun ƙasashen da ke amfani da shi. Sasancin da aka cimma shi ne yarjejeniyar ƙa'idojin tarko da Turai ta ƙulla da Kanada da Rasha a 1997 da 1998, Amurka kuma ta sa hannu a wata takarda ta daban mai kama da ita. A ƙarƙashin yarjejeniyar, tarkon kisa dole ya gusar da hankalin dabba cikin sakan 300, wato minti biyar, ga yawancin jinsuna, a aƙalla kashi 80 cikin 100 na dabbobin da aka gwada.

Tun daga 1997 ƙungiyar hukumomin kifi da namun daji ta Amurka ke gwada ɗaruruwan nau'o'in tarko a kan jinsuna sama da 20, likitocin dabbobi na duba raunin da kowane ya bari. Ana auna abubuwa biyar: walwalar dabba, ingancin kamu, zaɓen dabbar da aka nufa, sauƙin aiki, da tsaron mai ɗanawa. Sakamakon shi ne ƙashin bayan littattafan da ake ba matasa. Sai dai a Amurka shawara ce kawai, har sai jiha ta mayar da ita doka. Masu suka kuma na cewa minti biyar ba ƙaramin lokaci ba ne ga dabbar da ke shaƙe, suna ƙarawa da cewa har yanzu ana ɗana wa biba tarkon da ke nutsar da ita, alhali ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ba ta ɗauki nutsarwa a matsayin kisa mai sauƙi ba.

Kuɗi da ƙuri'a

Dalilin da ya sa aka fi neman matasa yana cikin asusun hukumomin. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ruwan cikin hukumomin namun daji na jihohin Amurka shi ne kuɗin lasisi da harajin makamai. Dokar Pittman-Robertson, wadda Shugaba Franklin Roosevelt ya sanya wa hannu a 1937, ta keɓe harajin da ake karɓa a kan dogayen bindigogi da harsasai, wanda yanzu kashi 11 cikin 100 ne, domin aikin namun daji, daga baya aka ƙara kashi 10 a kan ƙananan bindigogi. A 'yan shekarun nan kuɗin kan kai kusan dala biliyan ɗaya a shekara. Ana raba shi ne bisa faɗin jiha da yawan masu lasisin farauta, da sharaɗin jihar ta zuba kashi ɗaya cikin huɗu, kuma kada ta karkatar da kuɗin lasisi zuwa wani aiki.

Masu lasisin kuwa raguwa suka yi. Ƙidayar gwamnatin tarayya ta nuna mafarauta miliyan 14.1 a 1991, suka koma miliyan 11.5 a 2016, alhali yawan jama'ar ƙasar ya ƙaru da kusan miliyan 70. Masu tarko sun fi ƙaranci nesa ba kusa ba: binciken 2015 ya ƙiyasta su da kusan 176,000. Kasuwar fata ma ta karye. Babban kamfanin gwanjon fatu na nahiyar, wanda ke Toronto, ya durƙushe a 2019, kamfanin tufafi na Canada Goose kuma ya sanar a 2021 cewa zai daina amfani da gashin dabba. Masu suka na tunatar da cewa ba a biyan harajin Pittman-Robertson a kan tarko, kuma mafi yawan kuɗin a yau daga masu sayen bindiga da ba sa farauta yake fitowa. A Kalifoniya, mutum 68 ne kawai suka bayar da rahoton kamu a 2017, dabbobi 1,568, kuma masu goyon bayan hani sun ce kuɗin lasisinsu bai kai abin da jihar ke kashewa wajen sa musu ido ba. A watan Satumban 2019 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu, jihar ta zama ta farko da ta haramta kamu don fata gaba ɗaya.

Saboda haka yaron da ke zaune a ajin tarko yau mai biyan lasisi ne gobe, mai jefa ƙuri'a kuma jibi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɓangarorin biyu sun san haka. Ƙuri'ar raba-gardama ta taƙaita tarko a Arizona a 1994, a Colorado da Massachusetts a 1996, a Kalifoniya a 1998, a Washington a 2000. A Montana kuwa, a 2016, kusan kashi 63 cikin 100 suka yi watsi da irin wannan yunƙuri. Wisconsin ta rubuta 'yancin farauta da su da ɗana tarko a kundin tsarin mulkinta a 2003. Rarrabuwar na bin layin birni da ƙauye. A 2023, da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fassara wata dokar tsaron makarantu da cewa ta hana kashe kuɗin tarayya a kan darussan farauta da harbin baka, majalisar wakilai ta gyara dokar da ƙuri'a 424 a kan ɗaya, Shugaba Joe Biden ya sa hannu.

Ga 'yan asalin arewacin Kanada maganar ta wuce lissafin kuɗi. Makarantun kwana na tilas sun raba 'ya'yansu da iyaye da harshe na tsawon zamani, yaƙin da aka yi da cinikin fata a shekarun 1980 kuma ya karya tattalin arzikin ƙauyuka da dama. Gwamnatin Yankunan Arewa maso Yamma na tallafa wa wani shiri da makarantu ke fita da yara daji tare da dattawa, su koyi tarko da karanta ƙanƙara da sunayen wurare a harshensu. A wurinsu, darasin hanya ce ta maido da abin da aka ƙwace.

Abin da ya shafi Najeriya

A karkarar arewacin Najeriya da kudancin Nijar ma yara na koyon tarko, a hannun yayye da mafarauta, suna kama gafiya da kurege da zomo da fakara. Al'ada ta san shugabanci irin na Sarkin Baka, ta kuma san rufe kamu: a Argungu, Sarkin Ruwa na hana su a Matan Fada har sai ranar bikin kamun kifi. Doka ma akwai ta, daga Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 zuwa dokar kare dabbobi masu ƙarewa ta 1985, wadda aka ƙara wa tara a 2016.

Bambancin yana wajen yanayin dabbobin da ƙarfin hukuma. Amurka na koyar da kamun dabbobin da suka yi yawa, Afirka ta Yamma kuwa manyan namun dajinta ƙarewa suke yi. Binciken da aka wallafa a 2014 ya gano cewa zakunan da suka rage a duk yankin kusan 400 ne, na Najeriya ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Zargen da ake yi da wayar birkin babur ba shi da maƙalli mai sassautawa, ba shi da sunan mai shi, kuma wanda aka manta a daji yana ci gaba da kisa. Masu gadin gandun Gashaka-Gumti da dazuzzukan Kuros Riba na kwance irinsa a sintirinsu. Ga kuma haɗarin lafiya: zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, wani nau'in ɓera ne ke ɗauke da shi, kuma yana tsananta a lokacin rani, daidai sa'ad da samari ke ƙona daji suna farautar ƙananan dabbobi.

Kwaso darasin Wisconsin a kawo shi Bauchi ko Taraba yadda yake ba zai yi ma'ana ba. Abin da ya cancanci a duba shi ne tsarin da ke bayansa, domin da shi ake auna duk wani iƙirari na kiyaye namun daji, ko daga gwamnati ya fito ko daga ƙungiyar mafarauta. Yaushe aka yi ƙidayar ƙarshe, kuma wa ya yi ta? Nawa aka yarda a kama, bisa wace hujja? Kuɗin lasisi da tara suna komawa gandun daji, ko suna narkewa a babban asusun jiha? Mutum nawa aka gurfanar a kotu bara? Majalisun jihohi na zartar da kasafin ma'aikatun muhalli kowace shekara, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa takarda ya nemi waɗannan alƙaluma, ita kuma doka ta ba ta kwana bakwai ta amsa.